Littafi Mai Tsarki na saurare mai caji da rana: yadda na same shi a wurin gadi

Na'urar ƙarama ce, tana shiga aljihun riga ba tare da ta yi tudu ba. Jikinta roba ce mai kauri. A gaba akwai lasifika da madannai, a baya kuma farantin sola ne ya cinye wurin duka. Ba ta da allo, ba ta kama tasha, ba a kira da ita. Abu ɗaya aka zuba mata, Littafi Mai Tsarki da Hausa, daga Farawa har Wahayin Yahaya, littattafai 66, ana karantawa kana saurare. Na saye ta a wani kantin littattafan Kirista a cikin garin Kaduna, kuma da ita nake zuwa wurin aiki kowane dare. 'Yan'uwa a coci suna yawan tambayata ko ta cancanci kuɗinta, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar, da abin da na yaba da abin da ban yaba ba.

Sai na fara faɗin abin da ya sa na neme ta, domin a kansa ne zan auna ta.

Ni tsohon malamin firamare ne. Na yi ritaya, kuɗin sallamata suka maƙale, fansho kuma ba ya kai mu tsakiyar wata, balle bayan da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi. Da na ga zama ba zai yi ba, na karɓi gadi a wani sito da ake ajiye siminti da rodi. Ina shiga da magariba, in fita gari ya waye. A jiki aikin ba shi da wata wahala, zagaye ne da haska tocila da zama a benci. Wahalar tana cikin kai. Daga ƙarfe ɗaya na dare, in motoci sun ɗauke, mai shayi ya kwashe kayansa, sai wata magana ta taso mini a zuci, kullum da lafazi ɗaya. "Dubi inda ka ƙare. Yaran da ka koya wa baƙi da wasali suna wucewa a mota, kai kana buɗe wa mutane ƙofa. Da kuɗin ƙosan matarka kake cin abinci. Wane irin maigida ne kai? Da kana da amfani da Allah bai bar ka haka ba." Ba aljani ba ne, ba kuma da kunne nake jin ta ba. Saƙar zuci ce, da muryata take magana, kuma ta san duk inda yake mini ciwo. Tana zuwa ne kamar mai bin bashin da ya san lokacin da kake gida, ba ta kuskuren sa'a.

Na iya karatu, kuma ina da Littafi Mai Tsarki na takarda. Amma idona ya yi rauni, rubutun ƙanana ne, maigadi kuma ba ya kafa kai a littafi da tocila a hannu ya bar ƙofa. 'Yata ta fari ta sa mini manhajoji biyu a waya, YouVersion da Bible.is. Dukansu kyauta ne, dukansu suna da Hausa, kuma wanda waya ta isar masa ba ya bukatar ya kashe ko sisi. Ni dai waya ba ta dace da daren gadi ba. Cajinta na kiran gaggawa ne, ba na so ya ƙare. Hasken allonta yana nuna wa na waje inda nake zaune. Babban dalili kuma shi ne, in na ɗauke ta don in saurari Zabura, sai hannuna ya zarce zuwa hotunan tsofaffin abokan aiki, wannan ya aurar da 'ya, wancan ya tare a sabon gida, kafin in ankara na ba waccan murya abin da za ta yi ta nanatawa har asuba. Wannan na'ura ba ta da wata ƙofa ta biyu. In ka kunna ta Maganar Allah ce, in ka kashe shiru ne. A wurina wannan shi ne babban abin da na biya kuɗi a kansa.

A kantin, yarinyar da ke sayarwa ba ta yi mini gaggawa ba. Ta ce, "Baba, zauna tukuna ka ji muryar, in ba ta kwanta maka ba kada ka saya." Ta kunna mini Zabura 23, ta kama yatsana ta ɗora a kan madannai ɗaya bayan ɗaya. Akwai na tsallaka littafi, akwai na tsallaka sura, akwai na tsayarwa, sai na ƙara murya da ragewa. Kowanne siffarsa daban, har yatsa ya gane shi a duhu ba sai ido ya gani ba. Wanda ya tsara wannan ya yi tunanin makafi da tsofaffi, kuma maigadi ma ya ci moriya. In ka kashe ta a tsakiyar sura, gobe daga nan za ta ɗauko. Kuɗinta ya ɗan zarce abin da nake samu a mako guda na gadi, don haka ba zan ce tana da araha ba. Sai da na yi tari kafin na iya.

Batun caji, in rana ta buɗe sosai na shanya ta a kan katanga tun hantsi zuwa la'asar, tana kai ni asuba har da saura. Da hunturu, in hazo ya rufe sama, farantin ba ya sha yadda ya kamata, ƙura kuma tana kwanciya a kansa, sai an riƙa gogewa da tsumma. A tsakiyar damina, watan Agusta musamman, kada ka dogara da rana kaɗai. Tana da ramin caji irin na waya, kuma da shi nake cike gibin. Ramin nan ne ya fara ba ni matsala, ya yi sako-sako har sai na tokare igiyar da dutse kafin wuta ta shiga. Na mayar kantin da rasit ɗina, suka karɓa ba musu, suka ce in dawo bayan mako, na dawo na tarar an gyara ba su karɓi komai ba. Wannan na yaba musu. Abin sawa a kunnen da ya zo a kwalin kuwa ba shi da ƙarko, gefe ɗaya ya mutu da wuri. Ban damu sosai ba, tun da mai gadi ba ya toshe kunne biyu. Lasifikar tana da kyau a matsakaiciyar murya, amma in ka ƙure ta sai ta fara zizara, musamman in mai karatu ya zo kan kalma mai nauyi.

Tsohon Alkawari mutum ɗaya ne yake karantawa, a natse, ba ya gudu ba ya jan rai. Hausarsa ta mutanen tsakiyar ƙasa ce, wani lokaci ba ya bambanta ƙ da k, amma bayan 'yan kwanaki kunne ya saba, kuma natsuwarsa ta fi mini komai. Sabon Alkawari kuwa an raba muryoyi, kowa da nasa, ga kiɗa a ƙasa-ƙasa. Yara a gida sun fi son wannan. Ni na fi son muryar mutum ɗaya, domin da dare kiɗan yana hana ni jin motsi a bayan sito, kuma a wasiƙun Bulus ban ga abin da yake ƙarawa ba. Fassarar da ke ciki ita ce wadda muka saba ji a bagade ran Lahadi. Mahaifina mutumin Wusasa ne, a gidanmu tsohuwar fassarar nan ta 1932 ce, wadda Likita Walter Miller ya jagoranci aikinta, da ita aka rene mu, don haka wasu ayoyin da na haddace tun ina yaro sai in ji sun fito da wata riga. Wanda yake da fassarar da ransa ya kwanta da ita ya tambaya kafin ya biya.

Aibin da kowa zai fara gani shi ne ba ta tsallaka aya. In kana son Zabura 119 aya ta 105, sai ka saurara tun daga farko, kuma surar tana da ayoyi 176. In Fasto ya ambaci wata aya kana so ka sake ji, dole ka ɗauki surar gaba ɗaya. Mai shirya wa'azi ko mai koyar da ajin Lahadi wannan zai gajiyar da shi, gara ya riƙe littafinsa. Amma ga mai irin ciwona, wannan aibi shi ne ya zama magani, kuma a nan nake so in ɗan daɗe.

Muryar nan da ke zagina ta san Nassi. Wannan ne abin da waɗanda ba su taɓa fama da ita ba ba sa ganewa, sai su ce maka, "Ka karanta Littafi Mai Tsarki mana." Ai da shi take dukana. Bulalarta ita ce 1 Timoti 5:8, inda aka ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman iyalin gidansa, ya musunta bangaskiya, ya fi marar ba da gaskiya muni. Duk daren da na tuna kuɗin makarantar autana bai cika ba, sai ayar nan ta faɗo mini ita kaɗai, tsirara, ta ce ga hukuncinka a rubuce. Wani dare ina bin wasiƙun Bulus a jere, na'urar ta shiga sura ta biyar. Na san abin da ke tafe, har na kai yatsa kan madannin tsallakawa, sai na bari. Mai karatu ya fara da yadda za a yi wa dattijo magana, kada a tsauta masa, a roƙe shi kamar uba. Ya shiga batun gwauraye mata, wace ce ikkilisiya za ta ɗauki nauyinta, wace ce kuma take da 'ya'ya da jikoki da ya kamata su fara sāka wa iyayensu. A tsakiyar wannan zance ayar ta zo. Na tsayar da na'urar, na mayar da surar farko, na sake ji. Bulus yana magana ne a kan mutumin da yake da hali ya juya wa tsohuwarsa baya ya bar wa ikkilisiya. Ba ya magana a kan tsohon da ya bar gadonsa yana zaune a sanyi a bakin sito don gidansa ya ci abinci. Zaman nan nawa a benci shi ne kulawar da ayar take nema. Na tashi na yi zagayena, ƙafata tana rawa, ina ta faɗin "Na gode, Ubangiji" a fili, ba kowa sai buhunan siminti.

Daga baya, da na kai Matiyu sura 4, na ji Shaiɗan da kansa ya ɗauko Zabura 91 ya karanta wa Yesu a kan hasumiyar Haikali. Ashe tsohuwar dabara ce, a yanko aya ɗaya a soki mutum da ita. Na'urar da ba ta iya yanko aya ba, dole ta ba ka na gaba da na baya, ta karɓe wuƙar daga hannun mai sukar.

Abu na biyu da sauraro a jere ya nuna mini shi ne yawan bayin Allah da suka faɗi irin maganar da nake faɗa wa kaina. A wa'azi yawanci nasararsu ake kawo mana. In kana saurare sura bayan sura sai ka ji su a ranar da suka karaya. Musa a Fitowa 4 yana cewa shi ba mai iya magana ba ne, harshensa da nauyi, a aiki wani. Gidiyon a Littafin Mahukunta 6 yana sussukar alkama a ɓoye don tsoron Madayanawa, mala'ika ya kira shi jarumi, shi kuwa ya ce danginsa ne mafi rauni a Manassa, shi ne kuma ƙarami a gidan ubansa. Irmiya ya ce shi yaro ne. Abin da na lura da shi, Allah bai tsaya yabon kowannensu don ya ji daɗi ba. Bai ce wa Musa ai kai gwanin magana ne ba. Ya tambaye shi wa ya yi wa mutum baki, ya ce zai kasance tare da bakinsa, ya kuma haɗa shi da Haruna. Gidiyon ma amsar da ya samu ita ce, zan kasance tare da kai. Wannan ya fi mini amfani a kan a ce in tsaya gaban madubi in riƙa cewa ni babba ne, ni mai nasara ne. Na gwada irin wannan furuci, da ƙarfe biyun dare ba ya tsayawa, domin zuciyata ta san albashina.

Wanda na fi komawa gare shi Iliya ne, 1 Sarakuna 19. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, wuta ta sauko a gaban jama'a, shi ne saƙon Yezebel ya kora har Biyer-sheba. Ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa, ya ce ya isa haka, shi bai fi kakanninsa ba. In da a wasu majami'unmu ne, da an ce masa bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, ya shiga azumi. Allah kuwa ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ga gurasa da aka toya a garwashi, ga tulun ruwa. Ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci, aka ce tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya kai Horeb bayan kwana 40 aka yi maganar abin da ke cikin ransa. Ya ce shi kaɗai ya rage. Allah ya gyara masa lissafi, ya ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha. Abinci da barci da farko, gyaran ƙaryar daga baya, sa'an nan abokin tafiya. Tun da na gane wannan jeri, ba na ƙara shiga gadi da yunwa. Uwargida tana ƙulla mini ɗumamen tuwo, in na dawo kuma an hana yara tashina har azahar. Na lura a daren da ban yi barcin rana ba muryar ta fi kaifi, kuma babu surar da take maye gurbin barci.

Akwai Zabura 42 da 43, inda mai zabura yake juyawa ya yi wa ransa tambaya, me ya sa ka karaya, me ya sa kake damuwa a cikina, ka sa zuciya ga Allah. Sau uku maganar ta dawo a cikin zaburoyin biyu. A takarda ido yana tsallake maimaici, amma a kunne ba ya tsallakuwa, kuma a karo na uku sai ka tarar bakinka yana bi. A nan na koyi in daina zama ina sauraron kaina, in fara yi wa kaina magana. Yanzu in ta taso, nakan amsa da murya, a hankali, "Na ji ki. Ga abin da Ubangiji ya ce." Akwai kuma Zabura 88, wadda ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba, domin ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba wani juyi a ƙarshe. Na'urar ba ta tsallake ta, ta karanta ta da murya ɗaya da ta 23. Na ji sanyi da na gane akwai wuri a Littafin Allah ga daren da addu'a ba ta ƙare da murna ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk abin da zuciya ta zargi mutum da shi ƙarya ne. Akwai zargin da yake gaskiya, kuma Kirista ba ya gudun tuba. Fastonmu ne ya taimake ni rarrabewa, da na kai masa maganar bayan sujada. Ya ce, "Malam, koma 2 Korantiyawa 7:10 ka saurara da kyau." Akwai baƙin ciki irin wanda Allah yake so, mai kai ga tuba, akwai kuma na duniya mai kai ga mutuwa. Ya ce in Ruhu Mai Tsarki ne yake nuna maka laifi, zai kama abu ɗaya takamaimai, ka yi wa wane ƙarya, je ka gyara, kuma in ka gyara magana ta ƙare. Mai ƙara kuwa ba ya kama abu ɗaya, kai ɗin gaba ɗaya yake sokewa, kuma ba ya nuna hanyar fita. Da wannan ma'auni na koma na saurari Zakariya 3, inda Joshuwa babban firist yake tsaye da ƙazaman tufafi, Shaiɗan a damansa yana ƙararsa. Tufafin da gaske sun ƙazantu, ba a musa ba. Amma mai ƙarar aka tsauta wa, Joshuwa kuma aka tuɓe masa aka sa masa masu tsabta har da rawani. In ka haɗa wannan da ƙarshen Romawa 7, inda Bulus yake kuka da kansa, ka bar na'urar ta zarce da kai zuwa farkon sura 8, cewa yanzu babu hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu Yesu, za ka ji abin da mai tsayawa a ƙarshen sura ba ya ji. Rabon surori daga baya aka yi shi, wasiƙar kuwa a haɗe aka rubuta ta, kuma kunne ya fi ido gane haka.

Wata safiya na dawo na tarar da uwargida tana kwashe ƙosai daga mai. Na tsaya a kanta na ce, "Uwargida, na daɗe ina ganin na zame miki kaya." Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da juya matsami, ta ce, "Maigida, wa ya faɗa maka? Ni na faɗa?" Na ce a'a. Ta ce, "To wanda ya faɗa maka ya zo ya faɗa a gabana." Shekara da shekaru ina ɗauke da magana a bakinta wadda ba ta taɓa furtawa ba. Ba na'ura ce ta ba ni wannan amsa ba, amma ita ta kawo ni inda na iya buɗe baki in tambaya. Mai saye ya san wannan iyaka. Robar nan ba ta jin ka, ba ta tambayar ka yaya ka kwana. Da na tsaya a kanta kaɗai, da na zama mutum mai ayoyi da yawa wanda har yanzu ba wanda ya san abin da ke cinsa. Yanzu a Zumuntar Maza akwai dattawa biyu da suka san halin da nake ciki, ɗaya ma ya ce shi ma haka yake fama tun da shagonsa ya ƙone.

Akwai kuma inda nake so in yi magana da nauyi. In maganar zuci ta kai mutum ga daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa makonni, ko ya fara ganin gara ya mutu, wannan ya wuce a miƙa masa na'ura a ce ya saurara. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da likitoci kuma yana da magani. A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Wanda ya aiko wa Iliya da gurasa ba zai yi fushi don bawansa ya ga likita ba. A kai mutum, a kuma bar masa na'urarsa a aljihu, ba sa faɗa da juna.

Muryar ba ta mutu ba. Takan zo har yanzu, musamman ƙarshen wata. Bambancin shi ne da can ita kaɗai ce a filin daga ɗaya zuwa asuba, yanzu kuwa akwai wata maganar da ta riga ta zama, kuma na san inda zan danna. Wasiƙar Yahaya ta fari 3:20 ta ce in zuciyarmu ta kā da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuwa san kome. Na riƙe wannan a matsayin hukuncin kotun sama a kan ƙaramar kotun da ke zama a ƙirjina.

Maƙwabcina a wurin aiki, mai gadin shagon taya, Musulmi ne, mutumin kirki. In na kai labarin Yusufu ko Ayuba yakan jawo bencinsa ya ce, "Malam, ɗan ƙara murya." In na shiga wasiƙu sai ya koma bakin ƙofarsa da carbinsa. Lasifikar ta isa mutum biyu ko uku a zaune kusa, amma ba za ta isa ɗakin taro ba, don haka wanda yake nema wa ƙungiyar sauraro a ƙauye ya nemi babba.

Wa zan ce ya saya? Mai aikin dare, direban doguwar hanya, tela da hannunsa ke kan keke, tsohuwar da idonta ya tafi, wanda bai yi makaranta ba, da duk wanda ya san in ya ɗauki waya ba a Zabura zai tsaya ba. Kafin ka bar kanti, sa a kunna maka Tsohon Alkawari da Sabo duka, domin akwai masu kama da ita a kasuwa da Sabon Alkawari kaɗai ke ciki, kuma ni rabin abin da ya taimake ni yana cikin Sarakuna da Zabura da Annabawa. Jijjiga igiyar caji a raminta ka ga ko ta zauna daram. Ƙure murya ka ji inda take fara zizara. Karɓi rasit, ka tambayi wata nawa suke karɓar gyara. In da masu ƙera ta za su ji ta bakina, abu ɗaya zan roƙa, su ƙara madannin da zai riƙa maimaita sura ɗaya da kansa, domin akwai daren da Romawa 8 kaɗai nake bukata, kuma sai na yi ta mayarwa da yatsa duk lokacin da ta zarce zuwa ta tara.